Hannun da Iya Ta Ɗaure

Tun da na dawo daga Toranke, garinmu, na kasa zama wuri guda. In na ɗauki tsintsiya sai in tarar na riga na share tsakar gidan. In na zauna tsintar shinkafa sai in miƙe in leƙa zaure, alhali ba wanda nake jira. Maigidana har ya gaji ya ce, "Wai ke ƙaiƙayi aka zuba miki a tabarmar nan ne?" Dariya kawai na yi, don ban san ta inda zan faro masa ba. Abin da ya hana ni sukuni ba wani abu ba ne a idon mutane. Gonarmu ta gado na je na gani. Dawa ta yi kai ta sunkuya, tsuntsaye suna sauka suna tashi, amma ko tarin mutum ban ji ba. An ja wasu zarurrukan leda masu ƙyalli daga wannan kusurwa zuwa waccan, iska tana kaɗa su, wai su ne masu gadi yanzu. In tsuntsayen sun yi yawa kuma sai a kira masu feshi. Na tsaya a bakin gonar ina kasa kunne kamar wadda ta ɓata hanya, kunnena yana neman wata ƙara da babu ita.

A lokacinmu gona ba ta yin shiru in hatsi ya fara nuna. Tun kafin rana ta yi zafi ake tura mu, kowa da gorar furarsa. A tsakiyar gona akwai 'yar rumfa mai tsawo da ake kafawa da itace, daga jikinta igiyoyi sun tafi ko'ina, an rataya musu gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki. Mu mata mu muke jan igiya. Kin ja sau ɗaya, gona duka ta ɗauki kwaram kwaram, ki haɗa da ihu, 'yan gonar maƙwabta su amsa miki, har sai kin ji kamar ƙasar ce take magana. Maza kuma jifa ne nasu. Da sassafe sukan biya ta bakin kududdufi su cura laka ƙanana ƙanana, su shanya a kan kara, kafin hantsi ta bushe ta zama kamar dutse. Wasu da majajjawa suke jifa, wasu da hannu. Muryarmu takan dushe kafin azahar, idonmu ya yi ja, ƙafafu su yi furu-furu. Ba na cewa daɗi muke ji a lokacin, don na sha kuka a kan rumfar nan. Amma yau da na ga yara a gindin bishiya kowa ya sunkuya a kan waya, ba wanda ya san kukan tsuntsayen jan-baki in sun taso daga fadama, sai na ji kamar an ɗauke wani ɗaki daga gidanmu an bar filin.

A kan wannan rumfa na raini autanmu. Sunansa na yanka kusan ba wanda yake kira, Bahago kowa yake ce masa, domin tun yana rarrafe duk abin da aka miƙa masa da hagu yake karɓa. Kakarmu ta wajen uba, Iya, ita ta fara lura. Ni sunanta aka sa min, shi ya sa Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Iya mace ce mai barkwanci, amma a kan wannan magana ba ta da wasa. In an zauna cin abinci sai ta yago bakin tsohon zane ta ɗaure masa hannun hagu a ƙugu, ta tura masa kwano.

"Ni ba zan zauna da miji bahago ba," in ji ta. "Ka ci da dama ko in sake ka yau ɗin nan."

"Ki sake ni mana, tsohuwa, wa yake son ki?" Yana faɗa yana hawaye, miya tana bin gwiwar hannunsa.

"Ka ji mara kunya. Ci, angona, ci. Hannun nan da kake so, na bayan gida ne. Ba a kai shi baki."

A haka ya koyi cin abinci da dama, ya koyi riƙe alƙalami da dama a makarantar allo, ya koyi gaisawa da karɓar saƙo. Wannan kam har gobe ina yi wa Iya addu'a a kansa, don ladabi ne na addininmu, kuma ta koya masa. Sai dai Iya ba ta tsaya a nan ba. So take hannun ya manta da kansa gaba ɗaya. Har in za mu gona sai ta ɗaure shi, ta ce ya yi jifa da dama.

Jifansa da dama abin tausayi ne. Curin laka ya tashi kamar an cilla wa kaza tsaba, ya faɗi nan kusa, tsuntsaye ko ɗaga kai ba sa yi. Wata rana jan-baki suka sauko mana kamar hadari, na ja igiya har tafina ya yi kanta, na yi ihu har murya ta ƙare, suna ta ci. Na dube shi yana tsalle da hannu ɗaya a ɗaure, na sa haƙori na kwance ƙullin. Abin da na gani ranar har yanzu yana idona. Yaron da bai kai ƙuguna ba sosai ya ɗaga ƙafa, ya murɗa jiki, ya saki laka. Ta tafi tana shafar saman kan dawa, ba ta taɓa ko zangarniya ɗaya ba, sai da ta isa tsakiyar garken ta lanƙwasa ta shige su. Suka tashi fuu. Ya sake, ya sake. Da yamma na shigo gida da tsumman a hannuna na ajiye a gaban Iya na gaya mata abin da ya faru. Ta murza goro, sannan ta ce, "To, takwara. A gona dai. A gona kawai. Tsuntsu bai san dama da hagu ba. Amma in ya shigo min gida, hannun nan baƙo ne."

Abin da mutane ba su sani ba game da jifan tsuntsu shi ne, ba ƙarfi ne kan gaba ba. In ka yi sama da yawa ba sa jin tsoro. In ka yi ƙasa ka doki kan dawa, tsaba ta zube, ka yi wa tsuntsu aikinsa, Baba kuma in ya zo zagaye ya ga karyayyen kai, kunnenka zai gaya maka. Tsakanin sama da ƙasan nan akwai 'yar hanya siririya, a cikinta Bahago ya girma. Shekara da shekaru yana bin ta, har maƙwabta suka riƙa aron sa. A ba shi gyaɗa, a ba shi rake, a ce ya zo ya yi musu ko na hantsi ne.

Ni na gama sakandare aka yi min aure a Balan. Iya ta rasu ba da daɗewa ba, Allah Ya haskaka kabarinta. Shi kuma ya gama ƙaramar sakandare a Ajingi, ya samu ta kwana a Gaya, ya zama gidana ne wurin zuwansa in an ba su hutun ƙarshen mako. A nan ya fara zuwa min da labarin wani malami ɗan bautar ƙasa daga kudu, wanda ya zo da wata doguwar jaka. Wai malamin ya gan shi yana korar awaki daga lambun makaranta, ya jefa hoge ya zagaye bishiyar darbejiya ya samu akuya a ƙugu. Malamin ya ruga da gudu yana cewa, "Kai! Kai! Sake yi!" Bahago ya zaci duka zai sha, har ya fara ba da haƙuri.

Wasan sunansa besbol. Ni ma sai da ya zana min a ƙasa da tsinke na gane. Ƙwallon ƙarama ce kamar lemo, fara mai jan ɗinki, amma tauri kamar ƙodago. Mutum ɗaya yana tsaye a kan ɗan tudu yana jifa, wani yana riƙe da kulki kamar ƙaramar taɓarya yana jira ya make ta, wani ya tsuguna a bayansa yana cafewa. Aikin mai jifa shi ne ya bi da ita ta wata 'yar taga da ido ba ya gani, tsakanin gwiwar mai kulki da ƙirjinsa, ba sama ba, ba ƙasa ba, kuma kada mai kulkin ya same ta.

"Ka ce dai dawa ce da tsuntsu," na ce.

"Wallahi Yaya, ita ce. Har ta fi sauƙi, don nan ba Baba."

Ya ce malamin ya gaya masa bahagon mai jifa abin nema ne a wasan, don ƙwallonsa ta wani ɓangare take zuwa, masu kulki ba su saba ba. Da ya faɗi haka sai da ya dubi hannunsa yana murmushi, kamar wanda aka ce masa baƙon da ake ɓoyewa a gidansu ashe ɗan sarauta ne.

Daga nan abin ya riƙa tafiya da sauri fiye da yadda zuciyata take iya bi. Suka kafa ƙungiyar makaranta, suna buga wa junansu a filin da awaki ke kiwo. Malamin ya gama shekararsa ya tafi, amma ya bar musu jakar, ya kuma haɗa su da wani mai horarwa a Kano. Aka fara ɗaukar su a bas zuwa gasar makarantu. Ya dawo min da kofin roba mai ruwan zinariya, na sa a saman kwanukana. Kafin ya gama makaranta an sa shi a ƙungiyar jiha. Duk wannan Baba yana ji yana kau da kai, a ganinsa wasan yara ne, in aka gama makaranta za a gama shi.

Akwai wata wahala da yaron yake sha wadda bai gaya wa kowa ba sai ni. Mai jifa yana sa wata babbar safar fata a hannun da ba ya jifa da shi, don in an mako ƙwallon ko an dawo masa da ita ya cafe. Duk safar da ke cikin jakar nan, da waɗanda ke Kano, na masu jifa da dama ne, wato a hagu ake sa su. Shi da yake buƙatar ta hannun dama, babu. Sai ya riƙa cusa hannunsa a juye, babban yatsa a gurbin ƙarami, wani lokacin ya cire ya cafe da hannu tsirara. Kullum hannun damansa a kumbure yake. Nakan dafa ruwa in gasa masa, in shafa man shanu, ina yi ina faɗa, yana dariya.

Bayan ya gama makaranta ya zauna a Kano yana wasa yana taya wani ɗan'uwanmu tsaron shago. Sai ga wasu baƙi daga wata ƙasa mai nisa sun zo duba yara. Suka zaɓe shi. Za su kai shi can a horar da shi, in ya yi kyau ya shiga ƙungiyar da ake biyan 'yan wasa, ya zama sana'arsa ke nan. Tafiyar bayan babbar salla ce da 'yan makonni. Mai horarwar ya taka har Toranke, ya zauna a zauren Baba, aka kawo masa fura, ya yi bayani mai tsawo. Baba ya saurare shi tsaf, ya yi masa godiya, ya raka shi har bakin hanya, ya dawo ya ce a'a.

Bahago ya iso Balan da rana tsaka, ko sallama bai yi da kyau ba. Ya zauna a bakin rijiya ya haɗa kai da gwiwa.

"Yaya, abokaina sun ce in tafi kawai, in ya ga alheri zai huce."

"Kai me ka ce?"

"Ni ba inda za ni in bai sa min albarka ba. In na hau tudun nan ba da yardarsa ba, wallahi hannun ma ba zai ɗagu ba."

Na ji daɗin maganar, na kuma ji tsoronta, don na san Baba. In ya ce a'a, ko damina ba ta jiƙa ta. Kwanakin nan ban san me na dafa ba. In sa gishiri sau biyu, in bar tukunya ta ƙone. Ina salla ina roƙon Allah, ban ma san wanne zan roƙa ba, ya tafi ko ya zauna. Ƙarshe na ce Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri, amma kada Ya raba yaron nan da albarkar mahaifinsa. Da salla ta zo na nemi izinin maigidana na tafi gida da yara.

Washegarin layya na samu Baba a inuwar rumbu yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi.

"Uwata, na san abin da ya kawo ki. Kada ki wahalar da bakinki."

"Baba, gaisuwa na zo."

"Gaisuwar da aka zo da ita da wannan fuskar?" Ya ajiye fartanyar. "Noma na sani. Fatauci na sani. Ko ɗinki ya ce zai koya, ko tuƙi, da kaina zan kai shi. Amma a ce namiji ya bar garinsu ya haye ruwa, ya je ya tsaya gaban jama'a yana jifa, da hannun da yake tsarki da shi, a ce da wannan za a ba shi abinci? Wace albarka ce a abincin da hagu ta nemo? Mahaifiyata da hannunta ta ɗaure hannun nan. Ba ni zan kwance abin da ta ɗaure ba."

A nan na gane ba wasan ne kaɗai yake ƙi ba. Iya yake tsare wa amana. Ban taɓa mayar masa da magana ba, amma na tuna sunan wa nake ɗauke da shi.

"Baba, ka yi min haƙuri in tambaya. Dawar da muka ci shekarun nan duka, wadda aka cika rumbun nan da ita, aka fitar da zakka, aka yi wa Iya sadakar uku da ita, wane hannu ne ya tsare ta daga tsuntsu?"

Ya sake ɗaukar fartanyar.

"Kuma Iyar da ta ɗaure, ita ta ce a kwance a gona. Ni na kai mata tsumman. Ta ce a gida ne hannun yake baƙo."

"To can ɗin gona ce?"

"Ni dai ban san ta ba, Baba. Amma can Allah Ya ajiye masa abincinsa, in ka yarda."

Ya jingine fartanyar a jikin rumbu. Sannan ya ce, "Uwata, kin zo min da rigima irin ta mai sunanki. Tashi ki je, an gode." Na tashi ban san ko na gyara ko na ɓata ba.

Ranar da yamma aka kai musu tuwo da miyar nama zaure, shi da Bahago kwano ɗaya, kamar yadda suka saba. Ni na kai ruwan wanke hannu, sai na ɗan tsaya a bakin ƙofa. Yaron ya taho daga Kano da hannun dama a kumbure fiye da kullum, yatsu biyu sun yi suntum ba sa lanƙwasuwa. Ya sa hannu zai yanki tuwo, loma ta ƙi haɗuwa. Ya sake, ta zame ta faɗa miya. Gumi ya keto masa. Hannun hagunsa yana nan lafiya lau a kan cinyarsa, ko motsa shi bai yi ba. Haka ya riƙa ɗiban tuwo kaɗan kaɗan da gefen tafi yana kaiwa baki. Baba ya daina ci yana kallonsa.

"Me ya samu hannun?"

"Ba komai, Baba. Ƙwallo ce."

"Ba da ɗayan kake jifa ba?"

Sai ya yi masa bayanin safar, yadda babu irin tasa. Baba ya ce, "Kawo in gani." Ya ɗauko wadda ya aro daga jakarsa. Baba ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya sa hannunsa ya cire, ya ajiye ta a bayansa. Ya ce, "Ci abincinka." Safar kuma bai mayar ba.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi tsawo da na sani. Ba a'a sabuwa, ba to. Mai horarwa yana ta aiko da tambaya. Bahago ya rame, ya koma bin Baba gona kamar ba abin da ke gabansa. Ni ina Balan, duk mai babur da ya tsaya a ƙofar gida sai na leƙa. Ana gobe motar 'yan wasan za ta tashi daga Kano, aka aiko min cewa Baba ya ce in same su a tashar Ajingi da safe. Ranar kasuwa ce. Na isa na tarar da Bahago tsaye da 'yar jakarsa, ya ce shi ma ce masa kawai aka yi ya haɗa kaya ya jira, bai san ko rakiya ce ko kora ba. 'Yan kamasho suna ta kiran Kano, Kano, masu awo suna sauke buhuna, mu biyu mun yi tsuru-tsuru.

Can sai ga Baba ya fito daga cikin kasuwa, ta layin dukawa, da abu a naɗe cikin buhu. Ya miƙa wa Bahago safar aro, ya ce a mayar wa masu ita. Sannan ya warware buhun. Ashe fatar ragon layyarsa ce. Kowa a gidan ya san ya yi niyyar a yi masa sabon buzun salla da ita, don tsohon ya cinye har ƙasa tana leƙowa. Sai ya kai wa majema ya ce a cire gashin, ya kai wa baduku tare da safar aro, ya ce a ɗinka irinta amma a juya ta. Badukun kuwa ya zuba gwanintarsa, ya yi mata ado da jar fata da koriya, har da 'yan tuntaye a wuyan hannu. Wani ɗan kamasho ya leƙo ya ce, "Baba, wannan jakar maganin nawa ce?" Baba ko kallonsa bai yi ba.

"Miƙo hannunka."

Bahago ya miƙa na dama. Baba ya zura masa ita da kansa, yatsa bayan yatsa, a hankali saboda kumburin, ya ja igiyar ya ɗaure.

"Wancan na jifa, je ka yi ta jifa da shi, Wanda Ya halicce ka Shi Ya ba ka. Wannan kuwa da shi za ka ci, da shi za ka gaisa da mutane, da shi za ka ba mabuƙaci. Ka rufe min shi, kada a lalata. Ka riƙe salla. Allah Ya yi maka albarka."

Yaron ya durƙushe a nan cikin ƙurar tasha yana kuka, ƙato da shi. Ni ma hawaye nake, amma bakina bai iya shiru ba, halin mai sunana.

"Baba, albarkar ta wane hannu ce?"

Ya harare ni. Sannan ya kamo hannun hagun, wanda tun yaron yana rarrafe ban taɓa ganin ya riƙe ba, ya haɗa da na daman a cikin tafukansa.

"Duka biyun, Uwata. Duka biyun. Ku bar ni haka."

Yau shekaru sun tafi. Bahago ya sha wahalarsa a can, sanyi da kewa da abincin da bai saba ba, ya fara daga ƙananan ƙungiyoyi har ya kai inda ake biyan sa. Safar Baba bai taɓa wasa da ita ba, ya ce ta yi laushi, ƙwallo ɗaya za ta yaga ta. Sun ba shi irin tasu ta hannun dama. Amma duk garin da suka je tana cikin jakarsa, ya nuna min ita a waya tana rataye a inda yake ajiye kayansa, jan ya koɗe, tuntu ɗaya ya tsinke. Baba bai ga wasansa ko sau ɗaya ba. Layya ta zagayo sau da yawa bayan nan, an yi masa maganar sabon buzu, ya ce tsohon ya ishe shi. A kansa ya yi sallarsa ta ƙarshe. Allah Ya jiƙansa, Ya haɗa shi da mahaifiyarsa a Aljanna.

In suna wasa da yammacinsu, mu nan hantsi ne. Babban ɗana yakan kawo min waya har madafi. In ga mutum cikin fararen kaya a kan ɗan tudu, fitilu ko'ina, jama'a kamar ranar idi. Ya ɗaga ƙafa, ya murɗa jiki, ya saki. Masu sharhi suna ta surutu da yarensu, ni kuwa kan dawa nake gani, da 'yar hanyar nan siririya, ina jira in ji fuu. Ba na iya kallo a zaune. Sai in miƙe, in zauna, in juya miya da ba ta buƙatar juyi.

Ranar da na je gonar nan, da shirun ya ishe ni, na duba hagu da dama ba kowa, na sunkuya na ɗauki hoge. Na yi ihun da muke yi, muryar ta fito a shaƙe kamar ba tawa ba. Na jefa da iya ƙarfina. Ya faɗi nan gabana kaɗan, ya karya kan dawa ɗaya, tsaba ta zube. Tsuntsayen ba su ko tashi ba. Na tsaya ina jiran wanda zai ja min kunne, ba kowa. Na tsince kan dawar na ƙulle a bakin mayafina na taho da shi gida. Yana nan a saman kwanukana, kusa da kofin roba.